TALLAFIN MATA KO TALLAR MATA?

Yau na ɗan jingine alƙalamin ƙagaggen labari, saboda akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda na ga in ban amayar da ita ba, ba zan samu sukuni ba. Maganar kuwa ita ce ta wannan abu da ake kira tallafin mata. Ban san wata kalma da aka yi wa hawan ƙawara a ƙasar nan kamar kalmar tallafi ba. Ɗan siyasa yana tallafin mata, uwargidansa tana tallafin mata, hatta ɗan damfarar da ke kwance a ɗakinsa da waya a hannu shi ma cewa yake tallafin mata yake yi. To amma mai karatu, don Allah ka daure ka shiga lungun unguwarku, ka tambayi mai awara da mai ƙuli-ƙuli da mai ɗinki da mai kitso, a cikinsu wace ce jarinta ya samo asali daga wannan tallafi da ake ta kwakwazo a kansa a rediyo. In ka samu ɗaya cikin goma, ka zo ka ƙaryata ni a bainar jama'a.

Abin da nake so in faɗa guda ɗaya ne, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Mafi yawan abin da ake miƙa wa matanmu da sunan jari, sadaka ce kawai aka canza wa suna. Jari na gaskiya kuwa akwai shi, sai dai an ajiye shi a bayan wata ƙofa wadda maƙerinta bai taɓa tunanin Bahaushiya za ta zo wucewa ta ciki ba. Sannan bayan an yi mata wannan, sai kuma a juyo a ce ita ce ba ta waye ba.

Kada wani ya ce mini ai yanzu aka fara, a ba abin lokaci. Tun muna yara muke jin wannan kiɗa. A 1987 marigayiya Maryam Babangida ta fito da shirin Better Life domin matan karkara. A 1989 aka buɗe People's Bank, bankin da aka ce na talaka ne. Da mulki ya koma hannun Janar Abacha, uwargidansa ta kawo shirin tallafa wa iyali a 1994, aka biyo da FEAP a 1997. Farar hula suka dawo, Obasanjo ya kafa NAPEP a 2001, wadda abin da ya rage mana na tunawa da ita shi ne sunan da ta bar wa keke mai ƙafa uku. Jonathan ya zo da YouWiN a 2011, Buhari ya zo da MarketMoni da TraderMoni, sannan a 2024 gwamnatin Tinubu ta raba naira 50,000 ga masu ƙananan sana'o'i. Yarinyar da aka raɗa wa suna a shekarar Better Life, yau wataƙila ta aurar da 'yarta ta fari, amma da ita da uwarta da 'yar duk a layi ɗaya za ka same su ranar rabon tallafi. In an shekara kusan arba'in ana shan magani ciwo bai tafi ba, ai ya kamata a daina zagin majinyaci a duba kwalbar.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa, tunda maganar kasuwa ake yi. TraderMoni da aka fara a 2018 naira 10,000 ce a matakin farko, kuma rance ce da za a mayar cikin wata shida. Naira 50,000 ta 2024 kuwa ta zo ne a shekarar da buhun shinkafa ya haura naira 70,000, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Yanzu fisabilillahi, matar da mijinta ya fita tun asuba bai bar ko sisi ba, yara biyar suna kallon ta, aka turo mata 50,000 a waya, me kake zaton za ta yi da ita? Za ta auno masara ne, ta biya bashin mai kemis, ta sai wa autanta takalmi. Sai ka ji wani ƙato a rediyo yana cewa matsalar matanmu cinye jari. Wane jarin?

Jari fa shi ne abin da zai isa a sayi kayan aiki, a sari kaya, a juya sau biyu sau uku kafin a taɓa riba. Mai man gyaɗa jarinta shi ne ta iya sayen buhunan gyaɗa da kaka lokacin da take araha ta ajiye, maimakon ta riƙa awon tiya biyu kullum a hannun wanda ya ɓoye. Mai kunun aya da zoɓo jarinta firiza ce da sola, domin wutar da ake kawowa ba ta daskarar da ko ruwan kofi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ban ce a daina ba mabukata sadaka ba, da babu gara ba daɗi, kuma Allah ya ba mai bayarwa lada gwargwadon niyyarsa. Amma a kira ta da sunanta, kada a rubuta a takarda cewa an samar wa mata dubu kaza sana'a.

Wanda bai taɓa halartar bikin rabon tallafi ba bari in ba shi labari, don an sha gayyatar mu marubuta mu je mu cika kujera. Za a kafa rumfuna, a ɗauko makaɗa, a tara mata tun hantsi cikin rana da goyo, manyan baƙi ba za su iso ba sai bayan azahar. An riga an koya musu haɗa sabulu na kwana uku, an buga musu takardar shaida mai hoton mai girma. Sai a jera injinan taliya da kekunan ɗinki, a kira mutum goma a miƙa musu a gaban kyamara, manya su shige motocinsu, sauran a bar su da 'yan jagaliya. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa, in aka ba mata ɗari a mazaɓa ɗaya injin taliya, wa zai sayi taliyar wa? Shi ya sa a bakin ƙofar filin za ka tarar da 'yan kasuwa sun yi dako suna saye injinan a rabin kuɗi. Sunayen ma ba a kasuwa ake tattaro su ba, a gidan shugabar mata ta jam'iyya ake rubuta su, kuma wadda ta samu ta san akwai na goro da za ta mayar. Wanda aka ba kwangilar sayo injinan ya ci, mai otal ɗin da aka yi bita ya ci, mai girma ya samu hoton da zai liƙa a bakin titi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa na tambaya a sama, tallafin mata ake yi ko kuwa tallar mata?

Wannan jiran tsammani da aka koya wa mata shi ne ya buɗe wa ɓarayi kasuwa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kullum sai an turo wani saƙo a WhatsApp, wai wata gidauniya daga Dubai za ta raba wa mata dubu ɗari biyar-biyar, a latsa nan, a tura wa mutum goma. Wani kuma ofis guda zai kama, ya buga fom, ya ce kuɗin rajista dubu biyu ne kacal, ya tara na jama'a ya rufe ofis ya ɓace. Mafi muni su ne masu bugo waya su ce daga banki ne, tallafinki ya fito, karanto mana lambobin jikin katinki da wadda aka turo miki yanzu. Na san matar da kwasar adashinta ta wata takwas ta tafi ta wannan hanya, har yau ta kasa gaya wa mijinta. 'Yar uwa, riƙe wannan ko da shi kaɗai kika tsinta a rubutun nan: duk tallafin da aka ce sai kin biya kafin a ba ki, to ke ce kike tallafa musu. Kuma babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ki lambar sirrinki.

To ina jarin gaskiyar da na ce akwai? Zan ambace shi da sunansa don kada a ce hassada ce ke cina. YouWiN ta ba mutane 1,200 a zagayen farko kyautar kuɗi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 10, lokacin da naira ke da daraja, kuma da aka ga mata sun yi ƙaranci cikin waɗanda suka ci, sai aka ware zagaye na biyu na 2012 ga mata zalla. Wani masanin Bankin Duniya mai suna David McKenzie ya bi sawun 'yan zagayen farko na tsawon shekaru, ya gano sana'o'insu sun fi na waɗanda ba su samu ba ɗorewa, sun kuma fi ɗaukar ma'aikata. Ka ga ke nan in aka ba mutum kuɗi masu kauri ba cinyewa yake yi ba. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 220 domin ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ya ce kashi 60 cikin 100 na mata ne, wato biliyan 132, kodayake a ƙarshen 2023 bankin ya daina karɓar sabbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Gidauniyar Tony Elumelu kuwa tun 2015 take ba masu sana'a a Afirka dala 5,000 kowanne, ba rance ba, kuma ba a biyan ko kwabo wajen nema.

Amma zo ka ga ƙofar. Dole a nema ta intanet. Dole a rubuta tsarin kasuwanci da hasashen ciniki na shekaru masu zuwa, cikin Turancin da ni da na gama sakandare na kuma wallafa littattafai sai na nemi mai fassara mini wasu wurare. Fom ɗin Elumelu da Turanci ko Faransanci ko Larabci ko harshen Fotugal ake cika shi. Hausa da miliyoyin mutane ke ciniki da ita ba ta samu shiga ba. In ta banki ne, za a ce kawo takardar rajistar sana'a, kawo bayanin shige da ficen asusunki, kawo masu tsaya miki, kawo takardar fili ko gida. Matar da gonar gadonta take hannun yayyenta maza shekara ashirin ana ce mata ana juya mata, wace takardar fili za ta kawo? Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 47 cikin 100 na baligai a Arewa maso Yamma ba su da asusun banki, ba su kuma cikin wani tsari na ajiya ko rance, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne. Sakamakon haka masu shiga wannan ƙofa su ne 'ya'yan waɗanda dama suna ciki, mai digiri, mai kwamfuta, wadda babanta ya san manaja. Ban ji haushinsu ba, Allah ya ƙara musu. Haushina shi ne da sunan mai awara aka karɓo kuɗin.

Sai kuma maganar kuɗin ruwa, wadda wasu masu tsara shirye-shiryen nan suke ɗauka kamar ƙauyanci. Mace ta ce ba za ta ci bashi da ruwa ba ko da kashi 9 ne cikin 100, saboda tana tsoron haɗuwarta da Ubangijinta, sai a rubuta a rahoto cewa matan Arewa ba sa zuwa neman rance. Alhamdu lillahi yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma tsarin nan na a sayi kayan aiki a sayar miki da riba sananniya ki biya a hankali ya dace da mai neman firiza ko injin markaɗe. Haka nan tun 2017 akwai dokar da ta halatta a karɓi inji ko dabbobi ko kayan shago a matsayin jingina. Tambayata ita ce, mata nawa ne suka taɓa jin bayanin wannan doka da Hausa? Dokar da mai ita bai san da ita ba, ai da ita da babu duk ɗaya.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: wai mata ba su da amanar biyan bashi, ba su san lissafi ba, sai an wayar musu da kai tukuna. Wannan magana ita ce ta fi ƙona mini rai. Wa ya riƙe adashi a ƙasar Hausa tun kafin a san banki? Uwar adashi tana zaune a tsakar gidanta, wata ko boko ba ta yi ba, tana riƙe da zubin mata talatin, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi, ta san mai kwasa ta gaba, shekara da shekaru babu lauya babu ɗan sanda. Daga bayan katangar nan da ake cewa matan kulle ba sa komai, daga nan tuwon sayarwa da fura da hula da turaren wuta suke fitowa, da kuɗinsu ake yi wa 'yan mata kayan ɗaki, da su ake rufa wa magidanta da yawa asiri.

Mu kanmu marubuta shaida ne. Wannan adabi da aka raɗa wa suna adabin kasuwar Kano, wanda yau ake samun digiri a kan nazarinsa, wace gwamnati ce ta ba shi jari? Littafina na farko da kwasar adashi aka buga shi, kuma da yawa daga cikin tsararrakina in ba adashi ba to 'yan kunne ne ko tunkiya aka sayar. Raba labari da muke yi kashi na ɗaya da na biyu da na uku, ba don jan rai ba ne kawai, cinikin na ɗaya ne ke sayen takardar buga na biyu. Da bugu ya gagara saboda tsadar takarda, ƙannenmu suka koma sayar da labari ta waya, mai karatu ta tura kuɗi a saka ta a zaure. Babu wanda ya kira su bita a otal kafin su gano wannan. Waɗannan ne za a ce ba su san lissafi ba?

In ana son hujjar da ta fi wannan, a tsallaka Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a can da matan ƙauye, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Adashin da suka gada aka ɗan gyara. Mata kamar ashirin zuwa talatin za su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, mai bukatar jari ta ranta daga ciki ta juya ta mayar, in shekara ta zagayo a fasa a raba. A tsarin da ake bi yanzu akwatin kwaɗo uku gare shi, makullan a hannun mata uku daban-daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Wannan dabara da ta tashi a hannun matan Hausa ta bazu a ƙasashe da dama, miliyoyin mutane na cikinta. Da Bankin Duniya ya zo da shirin mata na dala miliyan 100 a 2018, a jihohi shida da suka haɗa da Kebbi da Neja da Taraba, a kan irin waɗannan ƙungiyoyi na zubi ya gina shi, kuma a 2023 ya amince da ƙarin dala miliyan 500. Wato dai kayanmu ne aka fita da shi, aka sa masa sunan Turanci, aka dawo mana da shi a matsayin rancen da 'ya'yanmu za su biya.

Yanzu bari in juyo gida, don ba gwamnati kaɗai ke da laifi ba. Alhazanmu na Kwari da Singa da Dawanau, ranku ya daɗe, ku ma da ku nake. Kun fi kowa sanin yadda ake tayar da ɗan kasuwa, domin da yawanku wani ne ya ɗauke ku yaran shago, ya ba ku kaya bisa amana babu takarda, har kuka zama abin da kuka zama. Amma ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, wadda duk dangi sun san babu mai dambun nama kamar nata, sai dai a aika mata da shinkafa da azumi da turmin atamfa da salla. Me ya hana ka yi ƙiradi da ita? Kuɗi naka, aiki nata, riba a raba yadda aka yi yarjejeniya, in asara ta zo ba da sakacinta ba kai ka rasa kuɗi ita ta rasa wahalarta. Yana nan cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu. Kuma kowa ya san Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce mai ba maza dukiyarta su tafi fatauci Sham. Zakka ma haka. Maimakon a canzo sababbin 'yan ɗari biyar-biyar a tara mata a ƙofar gida suna turereniya, me zai hana a zaɓi mata biyar a ba kowace abin da zai sai mata kayan sana'a, yadda baɗi ba za ta dawo layi ba?

Sai kai maigida. Tallafin da ya fi kowanne da za ka yi wa matarka shi ne ka cire hannunka daga jarinta. Mata nawa ne sana'arsu ta mutu a kan kalmar nan ta "ara mini zuwa ƙarshen wata"? Wani da ya ga ta fara juya 'yan kuɗi sai ya janye cefane, ya bar mata sabulu da kuɗin makaranta da magani, alhali ya san ciyarwa a wuyansa take, dukiyarta kuwa tata ce. In ta taimaka don Allah alheri ne, in ka mayar da shi dole ka sani bashi kake ci. Mu ma mata, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kwasar adashin da za ta sayi injin markaɗe kada ta ƙare a anko uku na biki ɗaya. Kuma bashin maƙwabta irin na "ba ni na ɗari biyu anjima yaro zai kawo" ya kashe sana'ar cikin gida fiye da gobara.

To 'yar uwa, kafin masu ƙofa su ga dama su faɗaɗa ta, ga abin da ya rage gare mu. Ki yi lambar NIN da BVN, ki buɗe asusu da sunanki, ba na miji ko na ɗa ba, ki riƙa bi da cinikinki ta ciki ko yaya yake, domin wannan shige da fice shi ne shaidar da mai ba da jari yake karantawa. Ki sayi littafi irin na 'yan makaranta ki riƙa rubuta abin da kika saro da abin da kika sayar, da boko ko da ajami, uwar kuɗi daban, riba daban. In sana'ar ta tasa ki yi mata rajistar suna a hukumar CAC, kuma ki kasa kunne, don a 2020 gwamnati ta buɗe shirin yi wa sana'o'i 250,000 wannan rajista kyauta. Sannan kada ki tafi ke kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku mayar da adashinku ƙungiya mai rajista, da shugaba da ma'aji da littafi, don ƙofar da ke rufe wa mace ɗaya takan buɗe wa mata talatin masu tsaya wa juna. Ku taka da ƙafarku zuwa ofishin SMEDAN ko Bankin Masana'antu ko Bankin Manoma ku tambaya da bakinku, kada ku bi ta hannun dillali. Duk wanda ya miƙo takarda, kafin ki dangwala ki tambaye shi, kyauta ce ko bashi, nawa zan mayar kuma yaushe, akwai ruwa ko babu, me zai faru in na gaza? In ya fara kame-kame, ki ɗauki mayafinki.

Ga masu mulki da masu gidauniyoyi kuwa, bukatunmu ba su da yawa. A fassara fom da sharuɗɗa zuwa Hausa, a karanta su a rediyo, a buɗe wurin da mace za ta je ta yi bayani da baki a rubuta mata. A karɓi littafin uwar adashi a matsayin shaida, domin matar da ta shekara biyar tana zubi ba fashi ta fi mai takardar filin bogi amana. A rage yawan sunaye a ƙara kaurin kuɗi. Gara a tayar da mata hamsin su tsaya da ƙafarsu har su ɗauki wasu aiki, da a raba wa dubu biyar kuɗin cefanen kwana uku. Sannan duk wanda ya yi bikin rabo, ya daure ya dawo da kyamarar nan bayan shekara guda, a bi matan gida-gida a nuna mana inda injinan suke. Wanda ya san abin da ya raba jari ne, ba zai ji tsoron wannan ziyara ba.

Na san wannan rubutu ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman waɗanda tuwonsu ke cikin wannan harka, kuma ina maraba da martani in dai da hujja za a zo ba da zagi ba. Allah ya rufa wa iyayenmu mata asiri, ya sa albarka a 'yar sana'ar da suke yi, ya kuma shirya waɗanda suka mayar da talaucinsu hanyar cin abinci, in masu shiryuwa ne.